Baƙo da Masaukinsa: Tsokaci a kan Ƙagaggun Labaran 'Yan Sa-kai na Ƙetare

Gabatarwa

A shekarar 1961 ne Shugaba John F. Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar Peace Corps, wadda ke tura 'yan sa-kai aikin shekara biyu a ƙasashe masu tasowa. Irin wannan zama na baƙunci ya haifar da wani reshe na ƙagaggun labarai, wanda akan yaba masa da cewa yana kusanta al'adu. Manufar wannan maƙala ita ce mu auna wannan yabo a kan littattafai uku, ta fuskar jigo da sarrafa taurari.

Jigo da Warwararsa

Paul Theroux ya koyar a Malawi daga 1963 har aka kore shi a 1965. A littafinsa The Lower River (2012), tauraronsa Ellis Hock ya koma ƙauyen Malabo bayan kusan shekara 40, yana begen zaman da ya yi can yana saurayi. Sai ya tarar makarantar da ya gina ta zama kango, shugaban ƙauyen kuma, Manyenga, ya tsare shi yana tatsar kuɗinsa. Theroux ya yi ƙoƙari wajen rushe mafarkin Baturen da ke ganin shi ne mai ceto. To amma a ganinmu, ya gudu bai tsira ba, domin mutanen Malabo sun tashi daga abin tausayi sun koma abin tsoro, kuma duk ta idon Hock muke kallonsu.

Tony D'Souza, wanda ya yi aikin sa-kai a Kwaddibuwa, ya bi wata hanya a Whiteman (2006). An tura Jack Diaz samar da ruwan sha a wani ƙauyen Musulmi na arewacin ƙasar, amma kuɗin aikin suka yanke. Maimakon ya koyar, sai ya koma ɗalibi: ya koyi harshe da noma da farauta, abokinsa Mamadou yana yi masa gyara da karin magana. Sai dai da yaƙin basasa ya ɓarke a 2002, an buɗe wa Jack hanyar fita, mutanen ƙauye kuwa ba su da inda za su. Nan ne gaskiyar Bahaushe ta fito, da ya ce baƙo raɓa ne.

Littafin Kathleen Hill, Still Waters in Niger (1999), shi ya fi kusa da mu. Wata uwa Ba'amurkiya ta koma Damagaram, inda ta taɓa zama, don ta ziyarci 'yarta Zara mai aiki a asibitin Matamaye. Hill ba ta ɗora wa tauraruwarta rawanin ceto ba. Ta bar ta tana saurare, tana ganin yadda matan Hausawa ke rainon 'ya'ya cikin fari da yunwa, har ta gane nata gibin a matsayin uwa. Duk da haka, wadda ta sami waraka a ƙarshe baƙuwar ce.

Kammalawa

Abin da ya haɗa littattafan nan shi ne baƙo ke riƙe da akalar labari. Shi ke sauyawa, shi ke girma, masu masauki kuwa madubi ne da yake duba fuskarsa. Alhali an ce baƙo ko da ido makaho ne. Fahimtar juna ba ta cika sai an ji ta bakin ɓangare biyu. Saboda haka muna jan hankalin ɗalibanmu masu sha'awar rubutu da su ɗauki wannan jigo daga ɗaya gefen: mai unguwar da ya ba da ɗaki, da malamin da ya koya wa baƙo gaisuwa, da matar da ta riƙa aika masa tuwo. Me suka gani a tare da shi, me kuma ya rage musu bayan ya ɗaure kayansa? Wannan labari yana jiran alƙalaminmu.