Gary Gygax da Wasan Dungeons & Dragons: Sharhi

An haifi Gary Gygax a birnin Cikago na Amurka a 1938, ya girma a garin Lake Geneva cikin jihar Wisconsin. Bai gama makarantar sakandare ba. Ya yi aiki a kamfanin inshora, da aikin ya ƙare a 1970 sai ya koma gyaran takalma don ciyar da iyali. A 1971 shi da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin wasan yaƙi da ake yi da ƴan sojojin roba ko na dalma a kan tebur.

Wasan da ya ɗaukaka sunansa, wato Dungeons & Dragons, ya fito a 1974, kwafi 1,000 kacal, daga kamfanin TSR da suka kafa shi da Don Kaye. Ga yadda yake: mutum ɗaya ke ba da labari, yana bayyana kogo da dodanni da dukiyar da ke ciki; sauran ƴan wasa kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, ya faɗi abin da zai yi, sannan a jefa ɗan lido don a ga ko ya dace. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi mai bayarwa.

To amma wa ya ƙago wannan? Nan ne gardama take. Dabarar a ba kowane ɗan wasa mutum guda, mai ƙara ƙarfi daga wannan zama zuwa wancan, a wasan Blackmoor na Dave Arneson ta kankama. Gygax ya tattara ta, ya tsara, ya rubuta, ya sayar. Aiki ne babba, sai dai ba shi ne duka ba. Da ya fitar da Advanced Dungeons & Dragons tsakanin 1977 da 1979, sai TSR ta ce sabon wasa ne, Arneson ba shi da kaso. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin ginshiƙin bai sauya ba. Arneson ya kai ƙara a 1979, aka sasanta a 1981.

Ga ɗalibin harshe, rubutun Gygax abin nazari ne. Yana son tsoffin kalmomi da doguwar jimla mai rassa, abin da ke ba littafin armashi amma yake wahalar da mai neman doka cikin gaggawa. Akwai kuma saɓani: a farko ya bar wa mai ba da labari wuƙa da nama, daga baya ya nace a bi dokokinsa yadda ya shimfiɗa su.

A 1985 kamfanin ya kuɓuce masa, Lorraine Williams ta karɓe ragama. Wasannin da ya tsara daga baya, irin su Dangerous Journeys (1992), ba su kai ko kusa da na farko ba. Ya rasu a Lake Geneva a watan Maris na 2008, Arneson kuma a 2009.