Saukar da jirgi bayan inji ya mutu

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a kasuwar Jega ya ga jirgi mai saukar ungulu yana wucewa, wataƙila ya raya a ransa cewa ranar da injinsa ya tsaya a sama, sai dai a je tsintar ƙarafa. Ba haka abin yake ba. Ba a ba matuƙi lasisi sai ya nuna zai iya sauke jirgin ba tare da ƙarfin inji ba, kuma ni a ganina babu gwanintar da ta kai wannan a duk aikin tuƙi.

Da zarar inji ya mutu, wata na'ura takan raba shi da babbar farfela domin kada ya riƙe ta. Nan take matuƙi zai danna sandar hannun hagunsa ƙasa, fukafukan farfelar su kwanta. Jirgin ya fara gangarowa, iskar da ke bugowa daga ƙasa ita ce za ta ci gaba da juya farfelar, kamar fankar da ba wuta amma iskar hunturu na kaɗa ta. A ƙaramin jirgin koyo irin Robinson R22, lokacin da matuƙi yake da shi bai wuce daƙiƙa biyu ba. In ya yi nawa, farfela ta rage gudu, ba ta dawowa.

Idonsa kuma yana ƙasa yana neman fili. A ce a sararin Aliero ko Maiyama ne: gonar gero da aka girbe ta fi fadamar albasa mai laima, inda ƙafafun jirgin za su lume ya kife. Gab da ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgin ya karya gudunsa, ya daidaita shi, sannan ya ja sandar hagun sama, ya kashe ɗan ƙarfin da ya rage a farfelar wajen sassauta dira. Sau ɗaya ake jan nan. Ko ya yi gaggawa ko ya makara, babu na biyu.

Shi ya sa atisayen kansa yake cikin abubuwan da suka fi jawo haɗari a makarantun tuƙi, kuma a 1995 hukumar jiragen sama ta Amurka ta kafa ƙa'idar horo ta musamman kan jiragen Robinson R22 da R44. Malamin da ke zaune gefen ɗalibi, ko a makarantar helikwafta ta Inugu ko a wani wuri, hannunsa na kusa da sanda, yana barin yaro ya yi kuskuren da zai koya masa, yana kuma sanin lokacin da zai karɓe. Wannan haƙurin ya cancanci jinjina.

A 1972 wani Bafaranshe, Jean Boulet, ya hau da helikwafta ƙirar Lama har mita 12,442. Can sanyi ya kashe masa inji, ba kuma halin tayar da shi. Da wannan dabarar ya gangaro tun daga can har ƙasa, ya fito da ƙafafunsa.