Kafin Ka Tambayi Wace Waya Ce

Wata al'ada ta samu gindin zama a tsakanin matasanmu masu ɗaukar hoto don sha'awa, kuma ni tana burge ni. A zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook da Instagram, sai wani ya ce kowa ya kawo hoton da ya fi so cikin waɗanda ya ɗauka a 'yan kwanakin nan. Kafin ka ce kwabo hotuna sun fara zuba: ɗalibi daga Zariya, malamar asibiti daga Katsina, tela daga Maraɗi, kuma babu mai cin abinci da kyamara a cikinsu. A da sai ranar Sallah ko biki ake zuwa shagon mai hoto, a ƙame gaban labule, a jira kwanaki kafin a wanko. Yau yaron da ke kai wa mahaifinsa abinci kasuwa yana iya tsayawa ya ɗauki abin da idonsa ya gani, ya nuna wa ɗaruruwan mutane kafin magariba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hirar da ke biyo bayan hoton. Za ka ga Masha Allah da Allah ya ƙara basira sun yi jerin gwano, kuma addu'a ba ta yawa. Amma da an tashi yin tambaya, guda ɗaya ce: wace waya ce? Wannan tambayar tana ƙwace aikin daga hannun mai shi ta miƙa wa kamfani. Ba na musun cewa na'ura tana da tasiri. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka, kuma daga cikin dabarunsa har da daidaita kyamara yadda za ta fitar da baƙar fata da kyau. Sai dai ba waya ce ta tashi mutum da asuba cikin sanyin hunturu ta hau da shi Dutsen Dala, ta sa shi jira har rana ta keto hazo ta sauka kan rufin gidaje ba. Abin da ya kamata a tambaye shi shi ne inda ya tsaya, da lokacin da ya ɗauka, da abin da ya cire daga cikin hoton da gangan. A amsar waɗannan ne na baya zai koyi wani abu, shi ma mai hoton ya gane abin da ya yi daidai, domin sau da yawa bai sani ba.

Sannan akwai batun abin da muke zaɓa mu kira hoton da muka fi so. Duk bayan Sallah zaurukan suna cika da dawaki: Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, 'yan lifidi, dogarai cikin ja da kore, laima a kan sarki, mahaya sun ɗaga mashi suna jahi. Wa zai ga laifin wanda ya so wannan? Hukumar UNESCO ma ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. Amma mutum dubu sun ɗauki doki ɗaya daga kusurwa ɗaya, kuma hawa ba zai rasa mai ɗaukarsa ba ko da dukkanmu mun bar wayoyinmu a gida. Wanda nake nema a cikin waɗannan hotuna, ba kasafai nake ganinsa ba, shi ne hoton bargar da aka kwana ana shirya dokin, da dattijon da ke ɗinke linzami, da yarinya mai tallan ruwa da ta hau dakali don ta hango. Haka marinar Ƙofar Mata: kowa ya ɗauki karofi daga sama, kaɗan ne suka matsa kusa da hannun marinin da baba ya rine, ko suka leƙa wajen mabuga.

Abin da muka raina shi ne yake ɓacewa ba sallama. An hana acaɓa a Kano a watan Janairu na 2013, a-daidaita-sahu ta maye gurbinsa. Wanda yake da kyakkyawan hoton cincirindon 'yan acaɓa a bakin danja a yau yana riƙe da abin da ba za a sake ɗauka ba, alhali lokacin da ya ɗauka da wuya a samu wanda zai yaba. Marigayi mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara da wata 'yar kyamara mai araha, Brownie D, a 1950. Daga 1968 ya duƙufa kan ɗaukar kitson matan Najeriya, har ya tara hotuna kusan 1,000, kuma su ne suka kai sunansa manyan gidajen baje kolin duniya. Kitso fa, abin da ake yi a kowane tsakar gida. Fati Abubakar kuwa aikin jinya ta karanta. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Maiduguri sai hayaƙin bam, ta riƙa nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ta san dalilin da ya sa ta ɗaga kyamarar.

Gyaran hoto ma yana buƙatar a faɗa wa juna gaskiya. Ana ƙara launi har jar ƙasarmu ta koma ruwan lemo, a wanke hazo daga sararin sama, a haskaka fuskar baƙin mutum har mahaifiyarsa ta yi shakkar ɗanta ne. Na fi jin zafin na ƙarshen, domin shi ne yake koya wa 'yan matanmu cewa fatarsu kuskure ce da ake gyarawa. Haka wanda ya ɗauki almajiri yana barci a gefen titi ya ce shi ne hoton da ya fi so, ya kamata a samu mai tambayarsa cikin ladabi ko ya san sunan yaron, ko ya nemi izinin malaminsa, ko zai yarda a yi wa ƙaninsa haka.

Ga masu kula da waɗannan zauruka, roƙona kaɗan ne. Duk wanda ya kawo hoto ya haɗa da layi biyu: sunan wurin, da ranar, da dalilin da ya sa ya zaɓe shi. Mai yabo kuma, bayan addu'a, ya faɗi abu guda da ya gani a ciki, ko da gyara ne. Kuma kowa ya adana asalin hotonsa a wani wuri daban, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci idan ba a tura shi a matsayin fayil ba, waya kuma tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da buƙata ta taso.