Daga Jaruma zuwa Amanata: waƙar da ke bin bayan wadda ta yi kasuwa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san cewa ciniki na biyu ya fi na farko wuya. Na farko sa'a ce, mutum ya zo wucewa ya ga kaya ya saya. Na biyu kuwa dawowa ya yi, yana so a ba shi irin na jiya, kuma ya fi na jiya. A nan ne ake gane ɗan kasuwa mai gaskiya da mai algus. To haka abin yake ga mawaƙi, kuma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Hamisu Breaker, ɗan Ɗorayi a Kano.

Waƙarsa Jaruma ta bazu ne a 2020, lokacin kullen korona. Mu nan Abuja an rufe mu tun daren 30 ga Maris na shekarar, ba kasuwa, ba makaranta, kowa na gida da waya a hannu. Waƙar ta samu kunne a sarari. A gaskiya ba ta rasa abin yabo ba: muryar yaron tana da taushi, karin ba ya wahalar kamawa, kalmomin kuma yabon masoyiya ne irin wanda aka saba. Amma ba kalmomin ne suka kai ta inda ta kai ba. Rawa ce. Matan aure suka shiga ɗaukar bidiyo suna taka rawa a gaban mazajensu, ana sakawa a intanet kamar gasa. Wasu malamai sun yi magana a lokacin, amma ihun yabo ya danne muryarsu. Mutane ƙalilan ne suka tsaya suka tambaya: shin waƙar ake yabo, ko rawar?

Wannan tambayar da aka tsallake ita ce ta dawo bayan shekara biyar. A 2025 waƙarsa Amanata ta cika TikTok, 'yan mata na bin baitocin da baki suna karairaya, har Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta fito ta ce ta haramta sauraronta, bisa cewa akwai batsa a cikinta kuma tana zuga matasa ga alfasha. Nan take iska ta juya. Bakin da ya yi guɗa a 2020 shi ne ya dawo yana Allah wadai.

Mun saurari waƙoƙin biyu, ɗaya bayan ɗaya, domin bai halatta mutum ya yanke hukunci a kan abin da bai ji ba. Ra'ayinmu shi ne, ta fuskar sana'a Amanata ba ta ƙara komai a kan Jaruma ba. Muryar ita ce, kiɗan na'urar situdiyo shi ne, karin nan mai ƙamshin fim ɗin Indiya shi ne. Abin da aka ƙara kawai shi ne yaji: magana mai harshen damo, wadda babba zai ji ya sunkuyar da kai, yaro kuma ya haddace bai san me yake faɗa ba. Kuma an ɗora ta a kan kalma mai nauyi. Amana fa ba abin wasa ba ce, ita ce abin da za a tambaye mu a kai ranar gobe. Mawaƙin ya duba abin da kasuwa ta saya a karon farko, ya ga motsin jiki ne, sai ya auno shi da babban mudu.

Masu kare shi suna cewa ai waƙar ma'aurata ce, kuma Bahaushe bai taɓa rasa irin wannan ba. Wannan magana tana da ƙafa. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ba ta tauna magana a kiɗan amada. Sai dai asalin amada kiɗan ƙwarya ne na mata a cikin gida, lokacin biki ko suna, akwai zaure, akwai katanga, akwai tsohuwa mai korar yara. Waya ba ta da zaure. Abin da aka ce na miji da mata ne, shi ne ke tashi a shagon cajin waya, a Keke Napep, a lasifikar DJ ranar kamu, yara 'yan Islamiyya na wucewa da allo. Kuma addininmu ya yi hani mai tsanani ga yaɗa sirrin shimfiɗa, ko da na halal ne.

Amma kada a ɗora wa mawaƙi kayan duka. Masu sharhi ma suna da nasu kason, kuma wannan ciwo ba na Hausawa kaɗai ba ne. A Ingila akwai wasu makaɗan jita 'yan Manchester da ake kira Oasis. Da suka fitar da faifansu na biyu a 1995, marubutan jaridu da dama sun yi masa sanyi-sanyi, sai jama'a suka saye shi miliyoyi, marubutan suka ji kunya. Da na uku ya fito a watan Agustan 1997, mai suna Be Here Now, sai suka yi rige-rigen yabonsa don kada a sake barin su a baya. Ranar farko kaɗai an sayar da fiye da kwafi 400,000 a Birtaniya. Ba a jima ba kowa ya gane hayaniya ce ta yi yawa, waƙoƙin sun yi tsawo, faifan ya haura minti 70. Marubutan suka janye yabonsu, shi kansa Noel Gallagher da ya rubuta waƙoƙin ya dawo yana kushe shi. Kun ga, a duka karon biyu ba kunnensu suka bi ba, taro suka bi.

In ana neman wanda ya iya ɗora aiki a kan aiki, a dubi Malam Aliyu Namangi na Zariya. Makaho ne, ya yi Imfiraji kashi-kashi, aka buga ta a Zariya, har yau ana rera ta. Karin bai canza ba, amma kowane kashi da sabon abin da yake koyarwa. Bai tambayi kasuwa me take so ba, ya duba me mutane ke buƙata.

To mu fa? Hukuncin Hisbar Kano bai iso Dei-Dei ko Gwagwa ko Karmo ba, domin Abuja ba ta da irin wannan hukuma. Yaranmu kuma suna tashi ne cikin ƙabilu iri-iri, da yawansu Hausarsu daga waƙa suke ɗebo ta. Saboda haka tacewar tana hannunmu. Uban amarya da ke biyan DJ yana da ikon cewa ga abin da za a sa, ga wanda ba za a sa ba, tun ranar da ake ciniki. Masu tura waƙa a waya 'ya'yanmu ne, a yi musu magana da lalama. Iyaye kuma su roƙi yaro ya kunna musu abin da yake ji, su saurara har ƙarshe, su faɗa masa inda ta yi kyau da inda ta kauce. Tsawa kaɗai ba ta hana komai, sai dai ta koya masa sa abin kunne.

Shi kuma Hamisu, Allah Ya ba shi murya, wannan ba mai musu. Yana da sauran shekaru a gaba, in Allah Ya so. Muna fata waƙarsa ta gaba ta zama wadda zai iya rerawa a gaban mahaifiyarsa da 'yarsa a zaune. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace. Amin.