Shin Arewa Ta Taɓa Zama Kuri'a Ɗaya? Tsokaci a Kan Yadda Ake Koyar da Tarihin Jam'iyyu da Zaɓen Shugaban Ƙasa

Gabatarwa

Kwanakin baya wani jikana da ke aji biyar na sakandare ya kawo mini littafin rubutunsa na darasin Gwamnati domin in taya shi bita. Da na buɗe babin jam'iyyun siyasa sai na tarar da jadawali mai layi uku, wato NPC ta Hausa da Fulani, AG ta Yarabawa, NCNC ta Ibo. A ƙarƙashinsa an bayyana cewa jam'iyyun Jamhuriya ta Biyu 'ya'yan waɗannan ne, kuma tun daga lokacin kowane yanki nasa yake zaɓa. Ban ga laifin malaminsu ba, domin abin da ya samu ke nan a yawancin littattafan da ake shirya wa jarrabawa. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan jadawali da sakamakon zaɓuɓɓukan kansu, musamman a nan Arewa, domin a ga inda ya yi daidai da inda ya ɓoye gaskiya.

Abin da Jadawalin Ya Bari a Waje

Adalci shi ne a fara da amincewa cewa maganar ba ta rasa tushe ba. Tsarin mulkin yankuna uku ya sa kowace babbar jam'iyya ta kafa gindinta a yanki guda, kuma a zaɓen 1979 Cif Obafemi Awolowo ya share jihohin Yarabawa da fiye da kashi 80 cikin ɗari, haka ma Dokta Nnamdi Azikiwe a Anambra da Imo. Kuskuren yana wajen ɗaukar wannan ma'auni a ɗora wa Arewa baki ɗaya.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta riga NPC zama jam'iyyar siyasa da fiye da shekara guda, domin sai a Oktoban 1951 ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta tashi daga matsayin ƙungiyar al'adu. Cikin mutum takwas da suka kafa NEPU har da Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba. Rigimarta da NPC a kan mulkin En'e ne, da haraji da aikin tilas da kotunan alƙalai, wato tsakanin sarakuna da talakawa masu harshe ɗaya da addini ɗaya. A zaɓen 1951 'yan Sawaba sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe na hawa-hawa, da damar da aka ba En'e ta cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, suka hana su samun ko kujera ɗaya a Kaduna. Haka kuma akwai UMBC ta Joseph Tarka a ƙasar Tibi da maƙwabtanta, da BYM ta Ibrahim Imam a Barno. A zaɓen tarayya na 1959 NEPU ta ci kujeru takwas, AG da ƙawayenta suka ci 25 a cikin Arewa. Kada a manta kuma cewa matan Arewa ba su da ikon jefa kuri'a a wannan zamani, duk da irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan neman wannan 'yanci. Yaron da aka haddace wa layi uku ba zai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Zaɓen 1979

Zaɓen shugaban ƙasa na farko a tarihin Nijeriya shi ne na ranar 11 ga Agusta 1979, kuma shi ne na fara jefa kuri'a a cikinsa, ina ƙaramin akawu. Ina iya tuna yadda tsofaffin mata a unguwarmu, waɗanda ba su taɓa zaɓen shugaba ba, suke tambaya a nuna musu mabuɗi kawai, alamar PRP, alhali a gida ɗaya akwai mai gida da masara, alamar NPN. 'Yan takara biyar ne, kuma uku daga cikinsu 'yan Arewa ne: Alhaji Shehu Shagari na NPN, Malam Aminu Kano na PRP da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP.

Shagari ya samu kuri'a miliyan 5.6 da 'yan kai, Awolowo ya samu miliyan 4.9. Abin lura shi ne inda kuri'un suka fito. Jihohin Binuwai da Ribas sun ba Shagari fiye da kashi 70, abin da ya zarce kason da ya samu a jiharsa ta Sakkwato. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu rubu'in kuri'u a sulusi biyu na jihohi 19. Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, amma a ta goma sha uku ya tsaya a kashi 19.94. Lauyansa, Cif Richard Akinjide, ya kafa hujja da cewa sulusi biyu na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, saboda haka rubu'in sulusi biyu na kuri'un jihar ake bukata, wato sudusi. Kotun Ƙoli ta amince da haka ranar 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa.

Littattafan makaranta suna son wannan lissafi ƙwarai, har yakan fito a jarrabawa. Abin da ba su tsayawa su tambaya shi ne wace jiha ce ta goma sha ukun. Kano ce, inda Malam Aminu ya samu kashi 76. Ashe jihar da ta kusa hana Bafillatanin Sakkwato shugabanci ita ce cibiyar ƙasar Hausa, yayin da Ijo da Tibi suka ɗauke shi. Bugu da ƙari, cikin jihohi goma na Arewa NPN ta ci gwamnoni biyar ne kacal. PRP ta ci Kano da Kaduna, GNPP ta ci Barno da Gongola, NPP ta Azikiwe ta ci Filato. Kuma zaɓin nan ya haifar da abin da talaka ya gani a ƙasa, domin gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali, buƙatar da NEPU ta shekara kusan talatin tana nema. Ko da PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, a kan dabarar siyasa da shugabanci ta dare.

Daga 1993 Zuwa 2023

A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta, SDP mai doki da NRC mai mikiya, ta gina musu ofisoshi. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 Cif Moshood Abiola na SDP ya kayar da Alhaji Bashir Tofa na NRC a Kano, mahaifar Tofa. Sojoji ne suka soke wannan zaɓe, amma sau da yawa ana ba da labarin kamar Arewa ce ta ƙi Bayarabe, alhali Kanawa sun zaɓe shi sun bar ɗansu. A 1999 kuma jihohin Yarabawa sun juya wa Cif Olusegun Obasanjo baya suka bi Olu Falae, kuri'un Arewa na cikin waɗanda suka kai shi fadar gwamnati. A 2023 Arewa ta rabu huɗu: Kano ta bi Rabi'u Kwankwaso, Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi Atiku Abubakar, Barno da Jigawa da Zamfara suka bi Bola Tinubu, Filato da Nasarawa suka bi Peter Obi. Gaskiya ne a 2011 da 2015 jihohin Arewa maso Yamma sun haɗu a bayan Muhammadu Buhari, amma wannan babi ne guda a tarihi mai tsawon shekara saba'in.

Kammalawa

Illar jadawalin nan ta wuce faɗuwa jarrabawa. Yaron da aka koya wa cewa kakanninsa ba su taɓa zaɓe ba sai don ƙabila, zai girma yana ganin haka ne gadonsa, kuma duk ɗan siyasar da ya zo masa da wannan kira ya samu gona a share. Ina roƙon malamai su riƙa kawo sakamakon zaɓe jiha-jiha a aji, su bar yara su karanta shi da kansu. Ina kuma roƙon dattawanmu da suka ga zamanin tauraro da fartanya su ba da labarinsu a naɗa a ajiye, 'yan NEPU da 'yan NPC duka, ba tare da an mai da wani ɓangare waliyyai ba. Waɗanda suka rage cikinsu ba su da yawa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar tarihinsu.