Kakanmu Sojan Bama: Sharhi Kan Yadda Muke Rubuta 'Yan Mazan Jiya

Daga cikin rubuce-rubucen da 'yan'uwa masu sha'awar rubutu kan kawo mana domin dubawa a nan ƙasar Daura, akwai wani jigo da ya yawaita, wato labarin kaka ko kakan-kaka wanda ya yi wa Turawan Ingila aikin soja. Wannan abin farin ciki ne, domin da wuya a zaga Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu ba a sami gidan da ake tunawa da wani tsoho da ya je yaƙin Hitila ba. Sai dai galibin waɗannan labarai aibinsu ɗaya ne: marubucin bai binciki kakan nasa ba, ya ari hoton tsohon soja ne daga bakin gari ya laƙa masa.

Hoton nan kashi biyu ne. Na farko shi ne tsoho mai taɓin hankali, mai gurɓatacciyar Hausar bariki, wanda yara ke tsokana yana ƙamewa yana sara musu. Wasan Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ya yi amfani da irin wannan Hausa ya ba da dariya da darasi, amma shi wasan barkwanci ne, kuma mai shi ya san bariki ciki da waje. Na biyu shi ne jarumin da harsashi ba ya cinsa, wanda ke ɓacewa da layar zana. Duka biyun sun hana mai karatu ganin mutumin da aka ɗauka daga gona aka kai shi wata uwa duniya, ya bar mata da tsofaffi suna jiran wasiƙa.

Domin a ga bambanci, sai mu dubi littafin Burma Boy na marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya fito cikin Turanci a 2007. Mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, amma bai tsaya kan hirar gida kaɗai ba. Ya ɗora tauraronsa Ali Banana, yaron maƙeri da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, a kan tarihi tabbatacce: rundunar Chindit ta Janar Wingate, wadda bataliyoyin Nijeriya ta 6 da ta 7 da ta 12 suka yi yaƙi cikinta a 1944, da kuma sansanin da ake kira White City. Saboda haka dariyar da ke cikin littafin ba ta zubar da mutuncin sojan ba. Inda muke ganin ya gaza shi ne bai ba mutanen gida fili sosai ba, kuma bai biyo sojan ya nuna mana rayuwarsa bayan sallama ba. To, wannan giɓi mu ne ya kamata mu cike shi, tunda a gabanmu waɗannan tsofaffi suka ƙare kwanakinsu.

Abin da ya wajaba marubuci ya fara tantancewa shi ne wane yaƙi kakansa ya je. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897 ta yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sa'annan ta je Gabashin Afirka. A yaƙin duniya na biyu an kai sojojinmu yaƙar Italiya a Habasha a 1941, daga baya runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Bama yaƙar Japan, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda aka kama Myohaung a Janairun 1945. Duka yaƙe-yaƙen biyu a zamanin Sarkin Daura Abdurrahman aka yi su, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Wanda ya sa kakansa yana harbin Jamusawa a dajin Bama ya nuna bai yi wannan ɗan aiki ba.

Bayan haka sai a nemi lambarsa ta soja. A buɗe tsohuwar adaka a duba takardar sallama ko ta fansho, domin a can ake samun lamba da bataliya da muƙami, ko farabiti ne, ko kofur, ko saje. Lambar ta fi suna muhimmanci, saboda akawun bariki kan haɗa sunan mutum da na garinsu, ka ga kuwa masu suna Musa Daura ba za su ƙirgu ba. Lambobin yabo na yaƙin farko akan zana suna da lamba a jikinsu, amma na yaƙi na biyu, irin su tauraron Bama, galibi ba suna a kansu.

Da lamba a hannu ana iya zuwa Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna a duba fayilolin lardi, a tuna kuma cewa Daura tana Lardin Kano kafin a mayar da ita Lardin Katsina a 1934. A nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, a ji irin Hausar da aka ba da labarin yaƙi da ita. In kakan bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta sa sunaye a intanet, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Ba muna cewa takarda ta fi bakin tsofaffi ba ne. Takardar Bature ba za ta faɗi ko mutum da kansa ya je ko dagaci ne ya ba da sunansa ba, ba za ta faɗi wanda ya noma masa gona ba, balle abin da ke tashinsa cikin dare bayan ya dawo. Wannan yana wurin gwaggwanni da kawunnai, su kuwa kullum raguwa suke. Malam Sa'adu Zungur ya tarbi waɗannan mutane da waƙarsa ta Maraba da Soja. Abin kunya ne a ce mu jikokinsu mun mayar da su abin dariya kawai.

Shawararmu ga duk ɗan ƙungiya mai irin wannan labari a hannu ita ce ya ajiye alƙalami tukuna, ya je ya zauna da tsofaffin gidansu, ya nemo lambar, sa'annan ya dawo ya rubuta. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya sa mu dace.