Sharhi a Kan Buɗaɗɗun Kayan Karatu, Bisa Ma'aunin Ƙasar Zuru

A cikin shekarar 2002 aka yi wani taro a birnin Faris, ƙarƙashin hukumar UNESCO, inda aka raɗa wa wani irin kayan karatu suna. Da Hausa babu abin da ya fi dacewa a kira su da shi sai buɗaɗɗun kayan karatu. Watau littattafai da darussa da hotuna waɗanda mai su ya yarda kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya gyara, ya juya su cikin wani harshe, ya raba wa jama'a, ba sai ya zo neman izni ba. Shekara guda kafin wannan taro jami'ar MIT ta Amurka ta yi shelar za ta zuba darussanta a intanet, kana a ƙarshen 2002 ƙungiyar Creative Commons ta fito da takardun izni waɗanda yawancin irin waɗannan kaya ke ɗauke da su har yau. Mafi sauƙin sharaɗinsu shi ne a ambaci sunan mawallafi. Wata takardar ta ƙara da cewa abin da aka gyara shi ma a bar shi a buɗe, wata kuwa ta hana ciniki da shi.

Ya kamata a rarrabe kyauta da buɗewa tun da fari, gama nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Littafin da aka ba yaro kyauta ya zama nasa, amma maganar da ke ciki tana nan hannun mai ita, malamin da ya juya ta da Hausa ya buga ya shiga haƙƙin wani. Buɗaɗɗen littafi kuwa maganar ce kanta aka bayar. Saboda haka ba a auna darajar wannan aiki da yawan abin da aka tara, sai da abin da aka juya har ya isa hannun mai bukata cikin harshen da yake ji.

Ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ma'auni ce mai kyau ga wannan, don ba ta yin rangwame. Mutanenta da yawa ba Hausa suka sha a nono ba. Akwai Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, masu harshen C'lela, akwai Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, Hausa kuwa ita ce ke haɗa su a kasuwa da wurin ibada da bakin hanya. Yaron Dabai ko na Ribah yakan iso aji da harshe biyu, a ɗora masa na uku. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke magana da shi, amma faɗa daban, littafi a hannu daban. Ga kuma halin tsaro: a watan Nuwamba na 2025 'yan bindiga suka kwashi 'yan mata daga makarantar sakandare ta Maga. Inda makaranta ke iya rufewa ba shiri, abin da yaro zai iya karantawa a gida shi kaɗai ya wuce a ce da shi ƙari.

To, me ɗalibin Zuru zai tarar in ya leƙa wannan rumbu da aka ce an buɗe masa?

A matakin ƙasa zai tarar da alheri. Shirin African Storybook, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014, yana da ƙananan labarai masu hotuna cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa, an jera su daga mai kalma ɗaiɗai zuwa mai dogon zance. Kowane malami yana iya ɗaukar labari ya juya shi, ya bar hotunan yadda suke. Tun da yake an riga an tsara wa C'lela hanyar rubutu, babu abin da zai hana malamar aji ɗaya a Zuru ta mayar da labari guda C'lela cikin yamma ɗaya, ta buga a shagon kwafi. Nan buɗewa ta yi aikinta sosai. Aibinsa guda ne, kuma ba nasa ba ne: labari ne na koyon karatu, in yaro ya iya karatun, ba shi da sauran abin da zai ba shi.

A matakin sama kuwa akwai dukiya mai yawa, amma da Turanci. Darussan MIT, da littattafan OpenStax na jami'ar Rice waɗanda aka fara fitarwa a 2012, sun tattara lissafi da ilmin halittu da na sinadarai da tattalin arziki. A gida ma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, tana barin littattafan darussanta inda kowa zai sauke. Tana da waɗanda aka rubuta da Hausa, amma na fannin nazarin Hausa ne. Wannan tsohuwar cuta ce: ana yarda Hausa ta yi bayanin kanta, nahawunta da waƙarta da karin maganarta, amma in aka zo ga takin zamani ko zazzaɓin cizon sauro sai a ce ta koma gefe. Ɗalibin Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 zai amfana da waɗannan littattafai. Mahaifinsa, wanda ƙuduji ke cinye wa dawa kowace damina, ba zai tsinci komai ciki ba, alhali kuwa a Samaru ta Zariya an daɗe ana binciken wannan ciyawa, ana kuma fitar da irin dawa mai jure mata.

Abin da ya tsaya tsakanin waɗannan matakai biyu da sunan yana ɗauke da kowane fanni shi ne Wikipedia ta Hausa, saboda haka ita ta fi cancanta a dube ta da kyau. Tana da dubun-dubatar maƙaloli, aikin masu sa kai ne waɗanda ba a biyansu albashi, kuma ana iya sauke ta da manhajar Kiwix a karanta ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci inda kuɗin data ke da nauyi. Wanda ya raina wannan himma bai yi adalci ba. Amma mai sharhi ba shi da ikon rufe ido ga abu biyu. Na farko, rabon bai daidaita ba: tarihin 'yan siyasa da 'yan ƙwallo da sunayen ƙauyuka sun yi yawa, bayanin yadda jini ke zagaya jiki ko dalilin husufin wata ya yi kaɗan. Na biyu shi ne harshen. Maƙaloli da yawa na'ura ce ta fassara su daga Turanci, aka duba su sama-sama ko ba a duba ba. Kalmomin na Hausa ne, ginin jimlar na Turanci. Ga misalin irin haɗarin: in Bature zai ce mutum ya tsaya takara, da kalmar gudu yake faɗa, na'urar da ba ta gane ba sai ta mai da ɗan takara ɗan tsere. Bakano zai yi dariya ya wuce, don kunnensa ya gaya masa an yi kure. Yaron da Hausa ce harshensa na biyu ba shi da wannan kunne tukuna. Zai ɗauka haka ake rubutawa, ko kuwa ya ɗauka shi ne ba shi da kai.

Ba yau aka fara tunanin ba wa jama'ar Arewa ilmin kowane fanni da Hausa ba. Hukumar Fassara da aka kafa a Kano a 1929, wadda ta koma Zariya ta zama Hukumar Talifi a hannun R. M. East, da Kamfanin Gaskiya na 1945, da hukumar NORLA ta shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, duk wannan suka sa gaba. Littafin Ikon Allah na East da Abubakar Imam bayanin halittu ne da Hausar da ba ta jin warin fassara, domin marubutan sun fahimci abin tukuna, sa'an nan suka faɗe shi kamar yadda Bahaushe zai faɗa wa ɗan'uwansa. Suna da edita mai mayar da takarda in ba ta nuna ba. Abin da ba su da shi shi ne buɗewa: littattafansu na da masu haƙƙi, wanda bugunsa ya ƙare sai a neme shi a ɗakin ajiya. Mutanen yau sun sami iznin da waɗancan ba su bayar ba, sun rasa editan da waɗancan ke da shi.

Aikin buɗaɗɗun kaya gayya ce. Mutanen Zuru kuwa, masu al'adar golmo, inda samari ke noma gonar surukai ƙungiya-ƙungiya shekara da shekaru, sun san gayya ba ta tafiya sai da mai ja gaba, wanda zai ce wannan kunya ba ta yi ba a sake ta. Shawarar da UNESCO ta zartar a Nuwamba 2019 ta roƙi ƙasashe su tanadi irin waɗannan kaya cikin harsunan gida, amma shawara ba ta gyara jimla. Masu iya gyarawa suna cikin sassan nazarin Hausa na jami'o'i, inda kowace shekara ɗalibai ke fassara nassi don jarrabawa, a ba su maki, a ɗaure takardun a ajiye. Da babi guda na ilmin tsirrai aka ba su daga buɗaɗɗen littafi, malamin noma ya duba ma'ana, malamin Hausa ya duba harshe, sa'an nan a karanta wa 'yan aji a Mahuta ko Dirin Daji a ga inda suka tsaya, da an sami abin da takardar izni ta yarda a sake bugawa ko sau nawa, a kuma juya shi da C'lela ko Fakkanci ga wanda ya so.